Yadda Na Shiga Azhar ta Ƙofar Wanzamai

Sunana ne ya fara hana ni tafiya Masar, tun kafin a zo maganar kuɗi ko jarrabawa. A takardar haihuwata an rubuta shi da rubutun Faransanci, yadda magatakardan da Baba ya tarar ran nan ya ji shi a kunne, da "ou" a inda muke sa "u", sunan Baba a gaba, nawa a baya. A shahadar makarantar Faranko-Arab da na gama a Garwa an rubuta shi da Larabci, har an ƙara mini sunan kakana, domin wurin Larabawa suna bai cika ba sai ya kai uku. A fasfo kuma harafi ɗaya ya faɗi a hanya. Da na kai dosiyena neman minha, wato gurbin karatu kyauta da Azhar ke bayarwa ta ofishin jakadancin Masar a Yawunde, mutumin da ya karɓa ya jera takardun uku a kan tebur, ya dube su, ya dube ni, ya ce cikin ladabi, "To, wanne ne a cikinku yake son tafiya?"

Shekara guda ta tafi a kan wannan tambayar.

Baffana, yayan Baba, shi ne malamin zauren gidanmu a Hausare. A hannunsa na yi allo, na yi sauka ina ɗan shekara goma sha huɗu, na bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya har na shiga Risala. Kullum bayan Asuba yana kan buzunsa, ɗalibai a kewaye, kowa da littafinsa. Ka karanto Larabcin, ya mayar maka da Hausa kalma kalma, in Bafillace ne kai ya juya zuwa Fillanci ba tare da ya ɗaga kai ba. Littattafansa masu rawayar takarda ne, matani a gefe sharhi a tsakiya, ganyayyaki a warware cikin gafaka. "Bugun Misra" yake ce musu, kuma in ya faɗi haka sai ka ji kamar sunan surukinsa ya ambata.

Ni kuwa, gaskiyar magana, na riga na raina zauren. Na shiga aji mai benci da allon bango, na iya cewa "manhaja", na ga waɗanda suka dawo daga waje da shahada ana ba su makirfo a masallacin Juma'a. Sai na ƙudurta cewa karatun Baffa na mutanen da ne, mutum ya shekara ashirin yana biya ba takarda ba albashi. Azhar nake so saboda in kuɓuta daga buzu. Ran da na gaya masa niyyata bai hana ni ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Madalla. In ka je, ka dubo mini ginshiƙin Malikawa." Na ce, "To, Allah gafarta Malam," ban san abin da yake nufi ba, ban kuma tambaya ba, don kada a ce ban sani ba.

Gyaran suna ya ci ni tafiya biyu zuwa Yawunde. Wanda bai taɓa yi ba, ga yadda take: mota daga Garwa zuwa Gaundare, ku hau dutsen nan mai kwana-kwana inda kowa ke yin shiru sai salati, iska ta sauya ku ji sanyi-sanyi. Daga nan jirgin ƙasa na dare, ya tashi da magariba ya kwana yana tafiya, a Ngawundal da Belabo mata su taso da zuma da ayaba suna miƙowa ta taga, gari ya waye muku cikin daji mai duhu da jar ƙasa. A Yawunde kowane Bahaushe ya san inda zai sauka, Birikitiri, unguwarmu, inda ƙamshin tsire zai gaya maka ka iso. Wani abokin cinikin Baba ya ba ni tabarma a bayan shagonsa. Daga nan na riƙa zirga-zirga: takardar da ke shaida cewa duk sunayen nan mutum ɗaya ne, fassarar kowace takarda zuwa Larabci, tambur na jaka guda a kan kowace, sa hannun Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan na ofishin jakadanci, hotuna goma sha biyu, gwajin likita, da katin allurar shawara wanda in babu shi ba a barin mutumin Kamaru ya wuce filin jirgin Alƙahira. Akwai wani ofishi, ba zan faɗi sunansa ba, da na yi wa sallama sau bakwai kafin mai sa hannu ya dawo daga jana'iza. Allah ya jiƙan mamacin, in dai akwai shi.

Shawarata ɗaya ga mai shirin wannan hanya: tun kafin ka yi fasfo, ka zauna ka daidaita sunanka harafi harafi a duk takardunka, ka kuma yanke yadda za a rubuta shi da Larabci, ka riƙe wannan ɗin kamar layar wuya. Ni ban riƙe ba, za ku ji a ƙarshe.

A shekara ta biyu sunana ya fito. Inna ta soya mini dambun nama, ta ɗaura yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a leda uku-uku. Baba ya sayar da dila biyu na atamfa. Na tashi daga Garwa, garin da a watan Maris da Afrilu zafi ke wuce maki arba'in, na sauka Alƙahira cikin hunturu da 'yar shadda mai shara-shara. Sanyin da na sani na harmatan ne, wanda rana na fitowa yake gudu. Wannan kuwa yana shiga ƙashi ya yi zamansa.

Aka kai mu Madinatul Bu'us a Abbasiyya, gidan kwanan ɗaliban waje wanda aka buɗe a 1959. Gari ne guda: gine-gine jere, masallaci, ɗakin cin abinci, filin ƙwallo. Ɗakinmu mu huɗu, ni da wani ɗan Indunusiya, da ɗan Senegal, da wani ɗan Cadi daga Abeshe wanda ya riga mu da shekara biyar, yana jin Hausa sarai don ya yi zaman Injamena. Shi ya zama yayana a can, Yaya nake ce masa har yau. Shi ya raka ni gwajin jini, ya raka ni neman iƙama, wato takardar izinin zama, ya koya mini kalmomi biyu da Alƙahira ke tafiya a kansu, "bukra" da "ma'alesh", gobe da yi haƙuri. Larabcin da na kwaso daga Garwa kuwa, ran da na gwada shi a kan mai sayar da wake a bakin titi, na jero masa jumla da i'irabinta cif, sai ya daga hannu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Jama'a suka fashe da dariya. Su jimun ma "ga" suke ce mata, ƙafun kuma su haɗiye ta. Gurasa sunanta "aish", rayuwa.

Sai ranar tahdidul mustawa, jarrabawar da ake auna baƙo a san ajin da ya dace da shi. A nan zan ɗan tsaya, don a nan aka sauke mini rawanin tsiya.

Na shiga ɗakin da tabbacin cewa kai tsaye kulliya, wato sashen jami'a, za a tura ni. Shaihunai biyu ne a zaune, ɗaya da kayan Azharawa cikakku, doguwar kakula da jar dara an naɗe ta da farin rawani. Ya ce in karanta Fatiha. Na ji kamar an raina ni, gardi guda a ce masa Fatiha. Na fara, da na zo "maliki yaumiddin" ban ja mim ɗin ba, sai ya ɗaga gira. Ya ce in shiga Baƙara. Na ce "yuminuna" babu hamza. Ya yi murmushi ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Warsh." Ya tambaye ni juz'i nawa na haddace, na tsaya ina lissafi, domin mu da izu muke ƙirga, sittin, su kuma juz'i talatin. Ya miƙo mini takarda ya ce in rubuta abin da zai faɗa. Na rubuta da hannun allo, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda Baffa ya koya mana. Shaihin ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallo, har ya nuna wa na kusa da shi, ya ce wannan rubutun mutanen Magrib ne, rabon da ya gan shi a hannun yaro an jima. Ya ce karatuna ingantacce ne, ruwayar Warshu daga Nafi'u ce, ba wanda zai ce kuskure ne, amma a nan da Hafsu ake jarrabawa, sai in koye ta.

Har nan ina jin daɗi. Sai na biyun ya ce in ba shi labarin tafiyata daga gida zuwa Masar, da Larabci, jumla biyar kawai. Wallahi na san hukuncin ruwan da ya jirkita da abin da ke cikinsa, na san sujada ƙabli da ba'adi kamar sunan Inna, amma "na hau jirgin ƙasa na kwana a hanya" ta gagare ni. Larabcina na karantawa ne a fassara mini, ban taɓa sayen ko albasa da shi ba. Sakamako ya fito: cibiyar koyon harshe tukuna, bayan nan sakandaren Ma'ahadul Bu'us, makarantar ɗaliban waje. Ina da shekara ashirin da ɗaya, da gemu ya fara tsiro, za ni zauna benci ɗaya da yaran da ba su fara aski da reza ba. Daren nan ban ci abinci ba. Na rubuta wa Baba saƙo cewa zan dawo, ban aika ba.

Washegari Juma'a Yaya ya ce in tashi mu je masallacin. Sai lokacin na lura cewa sati uku ina Alƙahira, ina cewa ni ɗan Azhar ne, ban taɓa ganin Azhar ɗin ba.

Muka sauka wajen masallacin Husaini, kasuwar Khan Khalili na hannun dama tana ta hayaniya, muka bi ta ƙarƙashin titi muka ɓullo gaban wata ƙofa mai baka biyu, an yi mata ado da sassaƙa. Yaya ya ce sunanta Babul Muzayyinin, Ƙofar Wanzamai, don a nan wanzamai ke zama suna yi wa ɗalibai aski a zamanin da. Abdurrahman Katkhuda ne ya gina ta a ƙarni na 18. Na cire takalmi na shiga, sai ga tsakar gida fara fat da marmara, hasumiyoyi a sama, ta Ƙaitbai da ta Ghuri mai kai biyu. Yaya mutum ne mai son tarihi, in ya fara ba ya jin kira. Ya ce Jauhar, kwamandan Faɗimawa, ya sa harsashin ginin a 970, shekara guda bayan ya ci Masar, aka yi Juma'ar farko a Ramadan na 972. Ya ce waɗanda suka gina shi 'yan Shi'a Isma'iliyya ne, kuma a 988 waziri Ibn Killis ya sa aka yanka wa malamai talatin da 'yan kai albashi, aka gina musu gida a gefe, karatu na dindindin ya kafu. Da Salahuddin ya kawar da daular a 1171 aka daina huɗuba a cikinsa kusan shekara ɗari, sai Sarki Baibars ya dawo da ita, masallacin ya zama gidan Ahlus Sunna da mazhabobin nan huɗu. Ya nuna mini wajen alƙibla ya ce a 1798, da mutanen Alƙahira suka yi wa Napoleon bore, sojan Faransa sun yi wa wurin ruwan igwa sun shigo da dawakai sun ɗaure a ciki. Na ce a raina, ashe su ma sun ɗanɗana Faransa.

Abin da ya tsayar da ni ba wannan ba ne. Muna shiga zauren salla na ga gungu-gungu na mutane a ƙasa, kowane gungu ya kewaye wani shaihi da ya jingina da ginshiƙi ko yake kan kujerar katako a gindinsa. Wani ɗalibi na karanto matani da ƙarfi, shaihin na tsayar da shi yana warware kalma kalma. Ba rajista, ba kati, wanda ya ga dama ya zauna. Na tsaya sororo. Zauren Baffa ne, an dai faɗaɗa shi an sa masa marmara. Yaya ya ce haka Azhar ta yi ɗaruruwan shekaru: malami ya mallaki ginshiƙi, a ce masa shaihin ginshiƙi, kowace mazhaba da nata ginshiƙan da aka san ta da su, kuma ba a ba mutum wuri sai ya zauna manyan ɗalibai sun yi masa ruwan tambayoyi ya tsira. In littafi ya ƙare malami ya ba ka ijaza, wato izinin karantar da shi. Jarrabawar shahada irin ta hukuma ba ta zo ba sai 1872, lokacin da aka kafa ta Alimiyya, fanni goma sha ɗaya a gaban shaihunai shida. Wato wurin ya yi shekara ɗari tara cur yana fitar da malamai babu takardar da na baro gida dominta. Sai maganar Baffa ta faɗo mini, ginshiƙin Malikawa. Ashe tsoho ya san abin da yake faɗa. Daga baya ya gaya mini malaminsa ne ya ba shi labari, wanda ya yi hajji ta ƙasa, ta Fort Lami da Abeshe da Sudan, ya haɗu da Azharawa a hanya.

Muna zagayawa Yaya ya riƙa lissafa mini ruwaƙai, wato ɓangarorin da aka keɓe wa ɗalibai gwargwadon ƙasarsu. Ruwaƙin Magribawa, na mutanen Sham, na Turkawa, na Jawa, na Kurdawa, na Jabarti, na Sinnar, da zawiyar makafi. Kowane ruwaƙi da shaihinsa, da kundin sunaye, da akwatunan da ɗalibi ke ajiye littafi da tsummansa, da wakafin da ake ciyar da shi. Ɗalibi "mujawiri" ake ce masa, maƙwabcin masallaci. Abincinsa kuwa jiraya, gurasa ƙidayayya da ake raba masa daga dukiyar wakafi, sabon zuwa ya jira sai gurbi ya samu kafin a sa sunansa. Sai Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, akwai ruwaƙin Barnawa. Akwai na Dakarnat Salih, na mutanen Wadai da kewayen tafkin Cadi. Dakarna ɗin nan Tukururu ne, mu ke nan." Ya ce tun ma kafin haka, wajen shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi, alhazan Kanem sun tara kuɗi sun ba alƙali Ibn Rashiƙ ya gina makarantar Malikawa a Fusɗaɗ, ta zama masaukinsu, suna aiko mata da kuɗi daga gida. Ya ƙara da wani Bakatsine, Muhammad al-Kashnawi, masanin lissafi da ilmin hatimi, wanda ya zauna Alƙahira ana ɗaukar karatu wurinsa har ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin nan.

Ban san yadda zan kwatanta abin da wannan ya yi mini ba. Sati uku ina tafiya a takure, ina jin ni almajiri ne da aka yi wa alfarma, yara a titi suna kirana da launin fatata. Yanzu ga wani yana gaya mini cewa shekara kusan ɗari takwas da suka wuce mutanen tafkinmu da kuɗinsu suka zo, suka yi gini. Wata ranar hutu na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka Mar Girgis, na yi yawo wajen masallacin Amru ɗan Asi ina tambayar makarantar Ibn Rashiƙ. Ban ga ko tubalinta ba, masu shayi suna ta kallona. Duk da haka na koma ɗaki na goge saƙon nan da ban aika wa Baba ba.

Watannin cibiyar harshe da shekara uku na sakandare ba su da wani labari mai daɗi. Na koyi Hafsu, harshena yana zamewa zuwa Warshu duk lokacin da na gaji. Na koyi sa wa fa ɗigo a sama. Wajen rajista an tambaye ni mazhaba, na ce Maliki, domin a can fiƙihu kowa ajin mazhabarsa yake shiga, sai na tsinci kaina da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Sa'id, kudancin Masar, inda Malikawa ke da yawa. Na ci wake da ta'amiyya har na daina ƙirgawa. Ran da kewa ta ci ƙarfinmu mukan tafi Hayyul Ashir wurin 'yan'uwa masu haya, a tuƙa tuwo da garin semolina, a kaɗa kukar Inna, a ci da hannu ana zagin sanyi.

Azharawa suna da wata magana, "jami'i wa jami'a", masallaci da jami'a. Azhar biyu ce a jiki ɗaya, kuma duk ɗalibi sai ya zaɓi yadda zai raba ƙafarsa. Jami'ar ta zamani ce: dokar 1930 ta kafa kulliyoyi uku, Usuluddin da Shari'a da Lugga, dokar 1961 ta zamanin Jamal Abdunnasir ta ƙara likitanci da injiniyanci da noma da kasuwanci, aka kuma buɗe wa mata. Da na samu shiga Shari'a a Darrasa, 'yan taku kaɗan daga masallacin, na tarar da ɗaki mai ɗaukar ɗaruruwa, dakta na magana a makirfo, littafin da shi ya wallafa shi ne muƙarrari, wato wanda za a yi jarrabawa a kansa. Mutum na iya ɓacewa wata uku ba wanda ya sani, in jarrabawa ta matso ya sayi taƙaitawa a shagon hoto, ya haddace, ya samu sakamakon maƙbul, na tsira da kyar, ko ma jayyid, mai kyau, ya wuce. Na san waɗanda suka yi haka shekara huɗu suna aikin gidan abinci, kuma ba na zarginsu, minha ba ta isa komai, wasu ma iyaye na jiran su aiko. Amma shahadarmu iri ɗaya ce da su, kuma wannan abu ne da ya kamata masu karɓar Azharawa hannu bibbiyu a gida su sani. Ka tambayi mutum wurin wa ya zauna, wane littafi ya sauke.

Ni ma da haka zan ƙare, ba don wata Asuba ba. Bayan masallacin akwai lunguna cike da shagunan littattafai, Darbul Atrak da kewayensa. A nan na ga littattafan Baffa sak, rawayar takarda, matani a gefe, da sunan maɗaba'ar Halabi a bango, ashe daga unguwar nan suke tasowa su bi ta Kano su iso Garwa. Cikin lungunan akwai ƙaramin masallacin Shaihu Ahmad Dardir, babban malamin Malikawa wanda ya rasu a 1786, kabarinsa na ciki. Na ji ana karanta fiƙihun Malikiyya a can bayan sallar Asuba, na je don in ga wuri. Wani dattijo ne a zaune, mutum kamar ashirin a gabansa. Aka zo wata mas'ala a babin tsarki, ya tambayi wa zai kawo bambancin da ke tsakanin yanayi biyu na mas'alar. Shiru. Ni kuwa ina jin muryar Baffa a kunnena, da Hausarsa, har da misalin randa da yake bayarwa. Na ɗaga hannu na juya maganar Baffa zuwa Larabcin da na sha wuya kafin in samu. Dattijon ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Daga ina, ya maulana?" Na ce Kamaru. Ya ce, "Wa ya karantar da kai?" Na ce baffana, a zauren gida. Ya ce, "To ka riƙe shi. In ka rubuta masa ka ce ina gaisuwa."

Shekara uku ina zuwa wannan darasi. Mun faro littafin daga farko mun kai ƙarshe, ranar sauka aka raba alewa, ya yi mana ijaza da baki, wanda ya nema ya rubuta masa a bangon littafinsa. A can ne na ji cewa wanda ake ƙirgawa a matsayin Shaihul Azhar na farko, Muhammad al-Kharashi, wanda ya rasu a 1690, Bamalike ne, mai sharhin Muhtasar, littafin fiƙihun nan da manyan ɗaliban Baffa ke fama da shi. Ginshiƙin da aka aike ni dubowa kuwa, na tambayi masu hidimar masallaci, kowa ya nuna mini nasa daban. Na zaɓi ɗaya a tsohon zauren Faɗimawa, na jingina, Yaya ya ɗauke ni hoto.

Kusan shekara takwas na yi. Na fito da sakamakon jayyid jiddan, mai kyau ƙwarai. Ran da na dawo Garwa an yi girki kamar na biki, Inna na kuka tana cewa na rame. Da dare na shiga zaure na durƙusa na miƙa wa Baffa shahadar. Idonsa ya yi rauni, ya shafa takardar da hannu, ya ce tana da kauri, ya ajiye ta a gefen buzu. Na ba shi hoton ginshiƙi, ya kai shi dab da fitila ya daɗe. Na isar da gaisuwar dattijon, ya amsa kamar mutumin na tsaye a bakin ƙofa. Sannan ya jawo gafaka ya zaro ganye ɗaya ya ce, "Karanto mini, idona ba ya gani." Na fara, ban kai layi uku ba ya ɗaga yatsa. Na yi wa wata kalma fataha a inda take da kisira. Tun daga ranar ni ke karanto matani bayan Asuba, shi yana fassarawa, in ya gaji ya ce in ci gaba.

Shahadar kuwa tana buƙatar a daidaita ta da ta ƙasa kafin in nemi aikin koyarwa da ita, sai an fassara ta zuwa Faransanci an kai Yawunde. Da mai fassara ya buɗe ta ya ɗora kusa da fasfona, sai ya ɗago kai. A Alƙahira, ranar rajistar farko, da aka tambaye ni sunana na faɗa da baki, har da na kakan Baba don ya cika huɗu yadda suke so, ban duba abin da aka rubuta ba. Jibi zan hau motar Gaundare, na riga na sayi tambur.